Daga Sabha Zuwa Kolarado: Shin Mai Shago Na Da 'Yancin Zaɓen Wanda Zai Sayar Wa?

A kasuwar Hausa akwai kalma guda wadda mai kaya yake faɗa idan tayin da aka yi masa bai yi masa ba, kalmar kuwa ita ce "albarka". Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja-in-ja har a kai ga "na sallama", ko kuma kowa ya kama gabansa ba tare da rai ya ɓaci ba. Wannan albarkar dai farashi take ƙi, ba ta ƙin mutum. To amma yaya ke nan idan mai shago ya dubi wanda ya shigo da kuɗinsa a hannu ya ce masa, "ko nawa za ka biya ba zan yi maka wannan aiki ba, domin addinina bai yarje mini ba"?

Wannan tambaya ta shafe fiye da shekara 10 tana kai-kawo a manyan kotunan Amurka da Birtaniya, tsakanin 'yan kasuwa masu riƙo da addinin Kirista da kuma masu neman jinsi ɗaya, wato 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, waɗanda dokokin can suka halatta wa aure. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda dokokinmu ba irin nasu ba ne. Sai dai Bahaushe ba a Kano da Katsina da Maraɗi kaɗai yake zaune ba. Yana Sabha, babban birnin yankin Fazzan a kudancin Libiya, inda yake baƙo mai neman aikin gini ko gadi ko wanki da guga. Yana kuma Landan da Niyok, inda yake tuƙa tasi ko ya buɗe ɗan shagonsa. A gida shi ne mai rinjaye da ke bayan kanta, a waje kuwa sau da yawa shi ne wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana jiran a sallame shi ko a kore shi. Saboda haka duk amsar da aka ba wannan tambaya, to ta shafe shi ta fuska biyu.

Kek ɗin da ya kai Kotun Ƙoli

A watan Yulin 2012 wasu maza biyu suka shiga wani shagon gasa kek mai suna Masterpiece Cakeshop a garin Lakewood da ke Jihar Kolarado ta Amurka, suka nemi a yi musu kek na walimar aurensu. Mai shagon, Jack Phillips, ya ce musu zai sayar musu da duk wani abu da ke shagon, har da kek na murnar zagayowar ranar haihuwa, amma ba zai tsara kek na auren jinsi ba, saboda a aƙidarsa aure tsakanin namiji da mace yake. Mutanen suka kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar, domin tun 2008 dokar Kolarado ta hana duk wanda ya buɗe kasuwanci ga jama'a nuna wariya ga mutum saboda irin jinsin da yake nema.

Hukumar ta sami Phillips da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ma ta tabbatar da hukuncin a 2015. Maimakon ya yi abin da ya saɓa wa imaninsa, sai ya daina yin kek na aure gaba ɗaya, abin da ya ce ya jawo masa asarar kashi 40 cikin 100 na cinikinsa. A ranar 4 ga Yunin 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya da rinjayen alƙalai 7 a kan 2. Amma kotun ba ta ce kowane ɗan kasuwa na da 'yancin korar masu auren jinsi ba. Abin da ta dogara da shi shi ne, hukumar ba ta yi masa adalci ba, domin ɗaya daga cikin mambobinta ta kwatanta hujjarsa ta addini da irin hujjojin da aka kare cinikin bayi da kisan ƙare-dangin Yahudawa da su. Bugu da ƙari, ita wannan hukumar ta wanke wasu masu gasa kek guda 3 da suka ƙi rubuta kalaman sukar auren jinsi a kan kek. Ma'ana, ta auna wa wannan da mudu daban, ta auna wa wancan da mudu daban.

Sai a ranar 30 ga Yunin 2023 kotun ta taɓo ainihin batun, a shari'ar wata mata mai suna Lorie Smith, mai tsara wa mutane shafukan intanet a ƙarƙashin kamfaninta 303 Creative, ita ma a Kolarado. Alƙalai 6 a kan 3 suka ce gwamnati ba ta da ikon tilasta mata ta rubuta ko ta zana saƙon da ba ta yarda da shi ba, domin aikinta magana ce, kuma tsarin mulki ya kare 'yancin magana. Mai Shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ta yi gargaɗin cewa wannan ne karon farko da kotun ta ba wani kasuwanci da ke buɗe ga kowa izinin juya wa wani rukunin jama'a da doka ta kare baya, kuma ƙofar da aka buɗe ba a kan masu auren jinsi kaɗai za ta tsaya ba.

Belfas: tsakanin mutum da saƙo

Shari'ar da ta fi fito da bambancin a fili ta faru ne a Belfas, babban birnin Ireland ta Arewa. A watan Mayun 2014 wani ɗan fafutuka mai suna Gareth Lee ya biya fam 36.50 a wani gidan burodi mai suna Ashers, mallakar wasu iyalai Kiristoci, domin a yi masa kek ɗauke da rubutun da ke kira a goyi bayan auren jinsi. Bayan 'yan kwanaki suka kira shi suka ba shi haƙuri, suka mayar masa da kuɗinsa. Ƙaramar kotu ta ba Lee gaskiya a 2015, ta ce a biya shi diyyar fam 500, kotun ɗaukaka ƙara ma ta bi sahu a 2016.

A ranar 10 ga Oktoban 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta rushe waɗannan hukunce-hukunce, kuma bakin alƙalan 5 ya zo ɗaya. Shugabar kotun ta lokacin, Lady Hale, ta bayyana cewa masu gidan burodin ba Lee suka ƙi ba, rubutun suka ƙi. Sun sha sayar masa da kaya a baya, kuma ko da wani mutum ne mai mata da 'ya'ya ya zo da wannan rubutun, da amsar da zai samu ke nan. Lee ya garzaya kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, amma a watan Janairun 2022 ta ƙi sauraron ƙarar. Kek ɗin da bai kai fam 40 ba ya ci fiye da fam 400,000 a kuɗin shari'a.

Wani abin sha'awa shi ne, Peter Tatchell, wanda ya yi shekaru yana fafutukar kare masu neman jinsi a Birtaniya, da farko ya goyi bayan Lee, amma a 2016 ya sauya ra'ayi. Hujjarsa ita ce, idan aka tilasta wa Kirista rubuta abin da bai yarda da shi ba, to gobe za a iya tilasta wa Musulmi mai gidan ɗab'i ya buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), ko a tilasta wa Bayahude ya buga littafin masu musanta kisan da aka yi wa danginsa.

Inda 'yan kasuwa suka sha kaye

Kada mai karatu ya ɗauka kullum mai addini ke yin nasara. A 2008 wasu ma'aurata Kiristoci masu ƙaramin otal a yankin Cornwall na Ingila sun hana wasu maza biyu, waɗanda doka ta yi wa rajistar zama tare, ɗaki mai gado ɗaya. Kotu ta ce a biya kowannensu fam 1,800, kuma a watan Nuwamban 2013 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan. A nan babu wani rubutu ko zane da aka ce masu otal su yi, ɗaki ne da suke ba kowa haya. A Jihar Oregon ta Amurka kuwa, a 2015 aka umarci wasu masu gasa kek su biya diyyar dala 135,000, kafin a rage ta zuwa dala 30,000 a 2022, bayan shagon nasu ya daɗe da rufewa.

Domin a gane dalilin da ya sa alƙalan Amurka ke ɗari-ɗari da hujjar addini a kasuwa, sai an waiwayi tarihin baƙar fata a ƙasar. A ranar 1 ga Fabrairun 1960 wasu ɗalibai baƙaƙe 4 suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth a birnin Greensboro, aka ƙi sayar musu, su kuma suka ƙi tashi. Irin wannan gwagwarmaya ce ta haifar da dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, ta hana otal-otal da gidajen abinci da gidajen mai da gidajen sinima korar mutum saboda launin fata ko addini ko ƙasar asali. Bayan dokar, wani mai gidajen gasa nama da ake kira Piggie Park a Jihar Karolina ta Kudu, mai suna Maurice Bessinger, ya ce addininsa ya hana cakuɗa fari da baƙi, don haka ba zai bar baƙar fata su ci abinci a wurinsa ba. A 1968 Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan hujja a matsayin shirme tsagwaronsa.

Masu goyon bayan 'yan auren jinsi kan ce ai Phillips da Bessinger Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin wanda ya ƙi yin kek na auren jinsi, mutanen ya ƙi, tunda babu mai yin irin wannan aure sai su. Masu goyon bayan Phillips kuma kan ce Bessinger ƙofa ya rufe wa mutum, shi kuwa Phillips ƙofarsa a buɗe take, hannunsa kaɗai ya janye daga biki guda. Har yau ba a gama wannan muhawara ba, musamman a kan sana'o'in da ke tsaka-tsaki, kamar mai shirya furanni da mai ɗaukar hoto da tela da mai ba da hayar zauren biki. Ita ma dokar tarayya ta 1964 ba ta ambaci masu neman jinsi a sashen kasuwanci ba, jihohi fiye da 20 ne suka sa su a dokokinsu.

Musulmi a tsakiya

Musulmin Amurka sun ɗanɗani wannan al'amari ta kowane ɓangare. A filin jirgin saman Minneapolis, inda akasarin direbobin tasi 'yan asalin Somaliya ne, wasu direbobi sun riƙa ƙin ɗaukar fasinjan da suka gani riƙe da kwalbar giya. A watan Afrilun 2007 hukumar filin jirgin ta yanke cewa duk direban da ya ƙi ɗaukar fasinja za a dakatar da shi kwana 30, idan ya maimaita a ƙwace lasisinsa na shekara 2. Direbobin sun je kotu, ba su yi nasara ba. A wannan karon Musulmi ne ke cewa a bar shi da imaninsa.

A watan Yulin 2015 kuwa wani mai shagon sayar da bindigogi a Jihar Filorida ya shelanta cewa shagonsa wuri ne da ba a yarda Musulmi ya shiga ba. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta CAIR ta kai shi kotu, tana dogara da waccan doka ta 1964, duk da cewa kotu ta kori ƙarar saboda ba a gabatar da wani takamaiman mutum da aka kora ba. A wannan karon Musulmi ne ke cewa dokar hana wariya ta cece shi. Ke nan wanda ya ce a rushe dokar hana wariya domin a kare mai gasa kek, ya sani cewa ya buɗe wa mai shagon bindiga hanya. Wanda kuma ya ce a take 'yancin imani domin a kare abokin ciniki, ya sani cewa mai gidan ɗab'i Musulmi na nan a layi.

A Sabha, babu alƙalin da za a kai wa

Duk waɗannan da muka ambata sun sami kotun da ta saurare su. To mu duba wurin da babu irin wannan dama. Sabha na da nisan fiye da kilomita 700 ta hanyar mota daga Tarabulus, kuma ita ce babban zangon matafiyan da suka taso daga Agadas suka ratsa Dirku da Gatrun a bayan motocin Hilux. Ba yau Hausawa suka fara bin wannan hanya ba, domin ta Fazzan ne ayarin fatake ke kai kayan Kano gaɓar teku, kuma ta Murzuƙ Baturen nan Heinrich Barth ya biyo a 1850 kafin ya iso Kano a 1851. A 2023 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta ƙidaya baƙi fiye da 700,000 a Libiya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga cikinsu 'yan Nijar ne.

Ƙara irin ta Kolarado ba ta da ƙofar shiga kotu a Sabha. Sashe na 407 da na 408 na kundin hukunta laifuka na Libiya sun haramta saduwa a wajen aure, har da ta jinsi ɗaya, da ɗaurin da kan kai shekara 5, kuma babu wata doka da ta ba masu neman jinsi kariya a kasuwa. Hasali ma ba kullum ake jiran kotu ba. A watan Nuwamban 2012 mayaƙan rundunar Nawasi sun kama maza 12 a wani gida a Tarabulus bisa zargin luwaɗi, aka baza hotunansu a Facebook tare da barazanar kisa, kafin daga baya a sake su.

Sai dai kash, rashin kariyar bai tsaya a kansu ba. Sashe na 6 na tsarin mulkin wucin-gadi na watan Agustan 2011 ya ce babu bambanci a gaban doka saboda addini ko yare ko ƙabila ko dukiya, amma 'yan Libiya ya ambata, bai ambaci baƙo ba. Doka mai lamba 19 ta 2010 kuma ta mayar da wanda ya shigo ba takarda mai laifi, ta yadda idan maigida ya cinye masa ladan aikinsa na wata 3, zuwa ofishin 'yan sanda tamkar kai kansa gidan yari ne. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kawo labaran baƙaƙen fata da aka hana albashi, aka hana magani, ake kiransu bayi a kan titi. A watan Afrilun 2017 hukumar IOM ta fitar da shaidar waɗanda suka tsira, cewa a Sabha ana sayar da matafiya a kan dala 200 zuwa 500. A wasu ƙasashe ana gardama a kan wanda za a sayar wa kaya, a nan mutumin ne da kansa ya zama hajar. Kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa Musulmi ne da ke sallah a sahu ɗaya da masu cutar da su.

Su kansu 'yan garin ba su tsira ba. A watan Maris na 2012 faɗa tsakanin Tubawa da ƙabilar Aulad Sulaiman ya ci rayuka fiye da 140. A watan Nuwamban 2016 kuma birin wani mai shago ya fizge ɗankwalin wata 'yar makaranta, abin da ya haddasa faɗan kwanaki tsakanin Aulad Sulaiman da Gaddafawa, aka kashe aƙalla mutum 16. Maganar da alƙali zai raba cikin sa'a guda, sai da aka fito da manyan bindigogi. Darasin Sabha ke nan: inda babu dokar da ta ce a yi wa kowa ciniki daidai, ba addini ne ke yin nasara ba, mai ƙarfi ne.

A gida Nijeriya

A Nijeriya lamarin ya juya ne gaba ɗaya. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, ko ya buɗe musu kulob ko ƙungiya. Zamfara da jihohin Arewa 11 da suka bi sahunta tun daga shekarar 2000 kuma suna da nasu hukuncin a kundin shari'ar Musulunci. Saboda haka ɗan kasuwar Kano ba ya fargabar a kai shi ƙara don ya ƙi, fargabarsa ita ce a kama shi don ana zargin ya yarda.

Da yawa daga cikin kamen da aka yi ta yi a wuraren kasuwanci ne. A watan Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi. A watan Afrilun 2017 an kama mutum 53 a wani otal a Zariya, suka musanta zargin. A watan Disamban 2022 Hukumar Hisba ta Kano ta kama matasa 19 a wani zauren biki. A Legas kuwa, daga cikin mutum 57 da aka kama a wani otal a Egbeda a 2018, an gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya, amma a watan Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu. Kafin lokacin an riga an nuna fuskokin mutanen a talabijin, wasu sun rasa aiki da muhalli.

Illar wannan yanayi takan wuce waɗanda ake nufi. Mai otal da mai gidan haya da mai zauren biki sukan koma yin hukunci da ido: tafiyar wannan ba ta yi mini ba, muryar wancan ta yi laushi. Alhali Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet HIV ta buga a 2015, wanda aka gudanar a Abuja, ya nuna cewa bayan kafa dokar, adadin mazan da abin ya shafa da ke jin tsoron zuwa asibiti ya tashi daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin 100. Cutar da aka ɓoye wa likita kuwa ba ta tsayawa a jikin mutum ɗaya, musamman ganin cewa wasunsu na da matan aure.

Har ila yau, tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, ya hana wariya a sashe na 42, amma sashen na 42 ya fi fuskantar dokoki da ayyukan gwamnati ne. Shi ya sa Bahaushen da aka hana hayar gida a wata unguwa a Jos ko Legas saboda sunansa, ko Kiristan da aka hana a wata unguwa a Kaduna, yawanci sai dai ya haɗiye fushinsa ya ƙara gaba. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai.

Abin da malaman fiƙihu suka tattauna

Wannan bambanci tsakanin mutum da aiki ba baƙo ba ne a karatun zaure. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Daga nan malamai suka fahimci cewa ba a binciken aƙidar mutum kafin a yi ciniki da shi. A ɗaya ɓangaren kuma sun tattauna batun sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Malikiyya da Hambaliyya sun hana, domin taimako ne a kan saɓo. An ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa ya halatta sayar da ruwan inabin, domin saɓon ba a jikin hajar yake ba, yayin da manyan almajiransa biyu suka saɓa masa. Amma ko waɗanda suka hana ɗin, sun rataya hanin ne a kan sanin abin da za a yi da kayan, ba su ce a hana mashayi hatsi ko tufafi ko magani ba, ba su kuma ce mai kaya ya bi diddigin asirin mai saye ba.

Fatawa dai ta malamai ce, amma ko almajiri zai ga cewa tambayar da suka yi ita ce alƙalan Landan suka yi bayan ƙarnoni: me aka ce ka yi da hannunka, ba wane ne ya tsaya a gabanka ba.

Kammalawa

Allah ɗaya gari bamban. Babu mai cewa a kwaso dokar Kolarado a dasa a Kano, kuma akasarin masu karanta wannan shafi, Musulmi da Kirista, matsayinsu a kan auren jinsi sananne ne. Amma akwai ƙa'ida guda da ta fito daga waɗannan shari'o'i wadda za ta amfane mu a ko'ina muke. Ɗan kasuwa na da haƙƙin janye hannunsa da alƙalaminsa daga aikin da imaninsa ya hana: tela ya ƙi ɗinkin da bai yarda da shi ba, mai buga kati ya ƙi rubutun da ya saɓa wa aƙidarsa, ko wane ne ya kawo aikin. Amma burodi da ruwa da magani da kujerar mota da ake sayar wa kowa, ba shi da hurumin hana wani saboda launinsa ko ƙabilarsa ko addininsa ko jita-jitar da ake yi a kansa. Idan akwai laifi, akwai alƙali da shaidu, mai shago ba alƙali ba ne.

Ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu otal da masu gidajen haya, lokaci ya yi da za su rubuta wa mambobinsu ƙa'ida a fili: ga ayyukan da ba ma yi wa kowa, ga kuma kayan da ba ma hana kowa. Ga 'yan majalisa kuma, su duba yadda za a sa hana wariyar ƙabila da addini ya shafi haya da ciniki tsakanin mutum da mutum. Su kuma gwamnatocin Nijeriya da Nijar, kada su manta da 'ya'yansu da ke Sabha da kewaye, waɗanda ba su da inda za su kai kuka. Wanda yake bayan kanta a Kantin Kwari yau, ƙila ɗansa ne ke tsaye a ƙofar wani shago a Fazzan gobe. Allah Ya sa mu dace.